Ranar da Ardo Hamma Ya Ba Mu Baya

Sunana Madu. Babarbare ne ni, tsohon kofur na soja, kuma bayan yaƙin basasa na yi masinja a ofishin kula da dabbobi na Kazaure har ƙafafuna suka ce sun gaji. Ni ke tsayawa a bakin ƙofa ranar intabiyu, in kira suna, in shigar da mutum, in fito da shi. Na ga mai rawar jiki, na ga maƙaryaci, na ga wanda ya cusa laya a kunci har ta hana shi magana. Amma babu wanda ya taɓa kaɗa mini hanji irin Mamuda.

Mamuda Bafillace ne daga rugagen Gwiwa, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi. Cikin shanu ya buɗe ido. Ya ce mini ko labarin samun mulkin kai bai ji ba sai da bazara, ranar da ya shigo kasuwa sayen kanwa. Ya taɓa ajin yaƙi da jahilci na rani ɗaya, ya iya haɗa baƙi, ya iya rubuta sunansa a karkace. Ya auri Saude 'yar Ardo Hamma, Allah ya ba su ɗa namiji, ga garke, ga nono a ƙwarya. Ba ya neman komai a wurin kowa.

Sai farin nan ya zo, na shekarar da aka sake kuɗi aka koma naira. Wanda bai gani ba kada ya ce ya san yunwa. Ciyawa ta ƙare, tabkuna suka ƙafe, shanu suna faɗuwa a gefen hanya, ungulu har ta ƙoshi ta daina sauka. Mamuda ya kora garkensa kudu, ya dawo da sanda kaɗai. Hatta karsanar da aka ba Saude ranar aurenta a hannunsa ta mutu.

Ana cikin haka Ardo Hamma, wanda nasa shanun suka ɗan tsira, ya aiko a ce Saude ta zo ganin gida da yaron. Ganin gida fa! Ba a ce an karɓe ta ba, ba a ce ga ranar dawowa ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ana ta ganin gida.

Za ka ce me ya hana mutum ya taka ya je ya tambaya? Ai wannan tambayar wanda bai san Fulani ba ce. Mu Barebari abokan wasansu ne, mun san cutarsu, sunanta kunya. Bafillace ba ya kallon fuskar surukinsa, ba ya zama inda yake zaune, ba ya cin abinci a gabansa. In ya hango shi a hanya sai ya ratse cikin gona, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har tsohon ya wuce. Shi ma tsohon ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutumin nan". Tun da aka ɗaura auren, Ardo bai taɓa jin muryar Mamuda ba in ban da gaisuwa. To yaya za a yi ya buɗe baki ya ce a ba shi matarsa?

Haka ya gangaro Kazaure ya shiga ga-ruwa, yana kai mana ruwa ofis, yana kwana a zaurena. Ina tsokanarsa kullum, in ce ɗan Fulani ya dawo bawan Babarbare, duniya ta daidaita. Sai ya yi murmushi kawai. Wata rana da la'asar na dawo na same shi zaune, garewaninsa biyu a kife. Ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke kafin ya ce, "Kofur, an aiko. 'Yan'uwanta maza sun ce in ruwan bana ya sauka ba ni da abin riƙe iyali, za su je gaban alƙali a raba."

A lokacin hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma. Wallahi sai na ji tuwon ranar ya fita raina.

Allah cikin ikonsa, a makon nan aka ce ofishinmu zai ɗauki masu yi wa shanu allura. Kuɗin mai sun fara shigowa, gwamnati na ta ɗaukar ma'aikata. 'Yan birnin da aka fara turawa rugage da sanda aka koro su, don Fulani sun ɗauka ƙirgen jangali suka zo yi. Yanzu ana neman mai jin Fillanci, wanda ya san saniya, ya kuma ɗan iya karatu. Albashi duk wata, ga keke. Na ce, "Fillo, ga matarka nan Allah ya kawo, saura ka iya buɗe baki."

Buɗe bakin shi ne aikin. Kullum bayan la'asar sai in kifa turmi a zaure ya zama kujerarsa, ni in hau buhun gero in zama likita. In ce ya shigo, sai ya fara tuɓe takalmi tun daga waje.

"Mayar da takalminka! Masallaci ne? Ofis ne!"

In ce ya zauna, sai ya zube a ƙasa. In ce, "A kan turmi!" sai ya ɗosana a baki-baki kamar an shimfiɗa masa ƙaya. In ce, "Me ka iya?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, sai abin da kuka gani."

"Me za su gani? Ƙeyarka? Haba Mamuda! Mutanen nan ba su san ubanka ba, ba su san garkenka ba. Abin da ka faɗa da bakinka shi ne kai. Ka iya kayar da bijimi?"

"Ana dai taɓawa."

"Ba ana ba! Ka ce na iya! Dubi idona ka faɗa!"

Matata Kellu tana bayan katanga tana dariya har da tari. Ni kuwa gumi nake, don na horar da kurata a soja ban sha wannan wuya ba. Na koya masa ya zo da wuri, kada ya ci goro, kada ya katse babba, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, kada ya ƙaga. Na ce masa a ƙarshe dole su tambaya me ya sa yake son aikin, ya ce don ya bauta wa ƙasarsa, haka kowa ke cewa. Ya yi ta maimaitawa yana ɗebo ruwa. Sannu a hankali ya fara kallon idona, ya fara cewa "na iya" ba tare da muryarsa ta shige ciki ba. Kellu ta wanke masa kaftanina na salla ta goge da dutsen guga. Na ba shi takalmina sau-ciki, ya yi masa yawa, muka cusa tsumma a gaba.

Ranar intabiyu ya riga kowa zuwa. Ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya tare da sauran masu nema, yawancinsu samari 'yan firamare da biro a aljihu. Na dube shi na ji daɗi, na ce yau Babarbare ya gyara Bafillace.

Masu intabiyun uku ne. Akwai Likita Muhammadu Lawal, likitan dabbobi, matashi mai zafin nama, ba shi da mugunta amma ba shi da haƙuri. Akwai akawunmu Malam Haladu mai rubutawa. Na ukun dattijo ne daga cikin makiyaya, don Likita ya ce ba zai ƙara ɗaukar wanda Fulani za su kora ba. Wani ardo daga wajen Ɓaɓura aka gayyata, ashe ya tsallaka Nijar ta'aziyya. Sai Likita ya tura direba da sassafe ya ɗauko duk ardon da ya samu a kusa.

Motar ta tsaya ta bayan ofis, na je buɗe ƙofa. Wani tsoho fari ya sauko da rawani da sanda. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, wa za a ce?" Direba ya ce, "Ardo Hamma ne na Gwiwa."

Innalillahi! Duk ardon da ke ƙasar Kazaure, daga Roni har bakin iyaka, a rasa wanda za a ɗauko sai wannan?

Na shigar da shi, na zaga da sauri na ja Mamuda gefe na gaya masa. Sai ya sunkuya ya fara zare takalmina daga ƙafarsa.

"Me kake yi?"

"Zan tafi, Kofur. Na gode."

"Ka tafi ina? Gidan uban wa?"

"Ba zan iya zama a kujera a gabansa ba. Ba zan iya cewa na iya a gabansa ba. In na yi haka zai ce 'yarsa tana hannun marar kunya, gara ma alƙalin."

"In kuma ka gudu fa? Wa zai ba ka ita? Garewani?"

Gaskiyarsa ce, ni ma gaskiyata ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. In ya shiga ya yi yadda na koya masa, ya ɓata da tsohon. In ya yi yadda aka haife shi, ya rasa aikin. Ko ta ina Saude ce za ta tafi. Na riƙe hannunsa na ce, "Wallahi ko a kafaɗa sai na shigar da kai. Mayar da takalmin nan." Daga ciki Malam Haladu ya ƙwala kira a fara.

Aka yi ta shiga ana fita, rana tana ɗagawa. Duk wanda na shigar sai na waiwaya in ga ko Mamuda yana nan. Yana nan, kansa a tsakanin gwiwoyi. Da aka zo kansa na kira sunan da murya irin ta fareti.

Ya taso. A bakin ƙofa ya tsaya, ya tuɓe takalmin, ya ajiye a gefen ƙafata. Duk wahalar da na sha! Ya shiga da sallamar da ko ni da ke kusa da ƙyar na ji, ya wuce kujerar da aka ajiye masa, ya durƙusa a kan siminti can kusa da bango, fuskarsa a ƙasa. Na rufe ƙofa na tsaya daga ciki kamar yadda na saba. Ardo ya ɗaga ido sau ɗaya, ya gane shi, ya mayar da idonsa kan sandarsa.

Likita ya ce, "Tashi ka zauna a kujera."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Malam, da kai nake. Sunanka?"

Ya faɗa, amma siminti ya gaya wa.

"Ɗaga murya! Ka taɓa kiwo?"

"An taɓa."

"Shanu nawa ka riƙe? Ka san ciwon huhu in ka gan shi? Ka iya karatu?"

"To... sai abin da kuka gani."

Na ji kamar in cire hulata in cusa a baki. Malam Haladu ya ajiye biro yana murmushi. Likita ya dubi agogo, ya ja tsaki, ya ce, "Bawan Allah, aikin nan na magana ne. Za ka shiga ruga ka shawo kan mutanen da suka kori wasu da sanda. In ba ka iya magana a gaban mutum uku ba, yaya za ka yi da ruga guda? Akwai mutane a waje suna jira. Madu, kira na gaba."

Masinja ba ya sa baki a intabiyu, aikinsa a bakin ƙofa yake. Amma na kasa ɗaga hannu in buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe..." Likita ya harare ni, ya ce, "Na ce na gaba." Mamuda ya dafa ƙasa zai tashi.

Sai muka ji ƙarar kujera a kan siminti.

Ardo Hamma ne ya miƙe. Tsoho ne, sai da ya dogara sanda. Ya kama kujerarsa da hannu ɗaya ya ja ta, ƙiiii, har kusurwar ɗakin, ya juya ta ta fuskanci bango. Ya zauna ya ba mu baya, ya ja rawani ya rufe kunnuwansa. Sannan ya yi magana, da bangon yake yi ba da kowa ba.

"Likita, hasken tagar nan yana damun idona. Ni na fita. Ba na nan."

Likita ya buɗe baki yana kallonsa, ya dube ni. Na matsa na raɗa masa, "Uban matarsa ne." Yaron nan ɗan birni ne amma ba wawa ba ne. Ya gyara zama, ya sassauta murya, ya ce, "To, Ardo ya fita. Malam Mamuda, ga kujera."

Mamuda ya saci kallon bayan tsohon. Ya tashi a hankali, ya zauna a kujerar, ba a baki-baki ba, har ya jingina. Ya ɗaga kai ya dubi Likita ido cikin ido, kamar yadda muka yi a zaure. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan kaftanina.

"Ka iya kayar da bijimi?"

"Na iya, ranka ya daɗe."

Allahu akbar! Na ji kamar in yi guɗa.

Daga nan tambaya ta yi ta zuwa yana amsawa. Ya faɗi yadda saniya mai ciwon huhu ke tsayawa ta ware ƙafafun gaba tana nishi. Ya ce in zai shiga ruga ba zai fara da allura ba, zai fara da gaisuwa, ya kwana, ya sha nononsu, kuma ba zai ƙirga shanun kowa da yatsa ba. Likita ya miƙa masa kwalbar magani ya karanta, ya haɗa baƙin Hausar da ƙyar, da ya zo kan na Turanci ya ce, "Wannan ban sani ba, amma in an koya mini zan riƙe." Likita ya gyaɗa kai, Malam Haladu ya ɗauki bironsa.

Sai tambayar ƙarshe ta zo. "Me ya sa kake son aikin nan?"

Na ce a raina, yawwa, wannan mun haddace. Faɗi, Fillo, don in bauta wa ƙasata, mu tashi lafiya.

Mamuda ya dubi Likita. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an koya mini abin da zan ce, amma ba shi ne a raina ba. Iyalina suna gidan iyaye tun shekarar fari. Ba a wulaƙanta ni ba, an rufa mini asiri ne, an ciyar da su lokacin da na kasa. Yaron da aka tafi da shi a goye, an ce yanzu har yana bin maruƙa, bai san fuskata ba. Ina so in ɗauko su kafin ruwa ya sauka. Ina son matata. Shi ke nan."

Matata! A ɗakin da uban matar yake zaune! Ni da ba Bafillace ba sai da na sunkuyar da kai. Idona ya kawo ruwa, ban ɓoye ba, kuma tsoro ya kama ni, don ban san ko gyara ya yi ko ɓarna ba. Na dubi bayan Ardo. Ko motsi bai yi ba, sai dai hannun da ke riƙe da sanda ya ƙara damƙe ta.

Likita ya yi gyaran murya ya ce za a ji sakamako daga baya. Mamuda ya sauka daga kujera, ya durƙusa ya fuskanci bayan tsohon, ya fita da baya-baya. Takalmin ma a nan ya manta shi. Bayan fitarsa Likita ya ce, "Ardo, me ka gani game da wannan?" Tsohon ya juyo da kujerarsa ya ce, "Wanne? Ai ba na nan."

Aka ci gaba da sauran, ni dai jikina ne a wurin. Da aka tashi bayan azahar na raka Ardo mota. Mamuda yana can nesa bayan darbejiya, a durƙushe, ba takalmi. Tsohon bai dubi wajen ba. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya tsaya, ya ce, "Kai Babarbare."

"Allah ya ba ka nasara."

"An ce mutumin nan a zaurenka yake kwana."

"Haka ne."

"Ka gaya masa bukkarsa ta Gwiwa rufinta ya zube. Ya je ya gyara kafin ruwa. Mace da yaro ba sa kwana a ɗaki mai yoyo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a faɗi wanda aka ɗauka ba tukuna."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na tambaye ka maganar aiki? Barebari dai ba ku da kunya, ba ku da kunne." Ya shiga mota.

Na tafi da gudu, ni da ciwon gwiwa, na gaya wa Mamuda. Ya sa na maimaita. Da na maimaita sai ya kifa fuskarsa a kan hannun kaftanina na salla ya yi ta kuka, samarin nan masu biro suna kallo. Na daka musu tsawa na ce su ba mutane wuri.

Aikin ma ya samu, bayan ruwa ya sauka, Saude tana ɗakinta. Ya yi shekaru yana yawo a keke daga Gwiwa zuwa Roni zuwa Ɓaɓura da akwatin magani a baya, har sunansa ya koma Mamuda Allura, kuma ba a taɓa ɗaga masa sanda a ruga ba. Ya sake tara 'yan shanu, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya ya koma noma. Kellu ta ce kaftanin nan ba zai ƙara goguwa ba, na bar masa.

Duk shekara yana zuwa rugar Ardo Hamma yin allura, wani lokaci ina rakiya. Da an hango kekensa sai tsohon ya sa a ɗauke masa buzunsa a kai bayan bukka, ya zauna ya fuskanci zana har a gama. Har Ardo ya koma ga Allah ba su taɓa haɗa magana ba. Amma duk zuwan da muka yi, muna samun ƙwaryar kindirmo a rufe da faifai a gindin keken, kuma ba a taɓa cewa ga wanda ya aiko ba.